Injiniya Kusitino da Jar Ƙasar Saman Bene

In kana neman mai cika baki a birnin Numeya, kada ka wahalar da ƙafarka da yawo. Wuce Benen Kagu kai tsaye, ka hau har ƙarshensa, hawa na goma sha huɗu, ka ce a nuna maka Kusitino. Ba ma sai an nuna maka ba, tun daga hawa na tara za ka fara jiyo muryarsa. Ƙaton mutum ne ɗan tsibirin Walis, tumbi kamar randa, wanda ya yi shekara da shekaru a mahaƙar ƙarfen nikel yana tsaye a bakin ƙofa da tiyo a hannu, yana wanke jar laka daga tayoyin tifa kafin su hau kwalta. Iyakar aikinsa ke nan. Amma in ya zauna a majalisar masu shan kava, jiƙon saiwar nan mai sa maye, ya kora ƙoƙo biyu, sai ka rantse shi ya haƙe dutsen da farcensa.

Da farashin nikel ya faɗi warwas aka rufe mahaƙar, rabin mazan benen suka wayi gari zaune a baranda suna kallon teku. Kuɗin gyaran gida da kowace ƙofa ke bayarwa duk wata ya ƙafe. Kamfanin da ke kula da benen ya fara da barazana, ya koma roƙo, daga baya ya cire allonsa ya yi gaba, har da mai shara da tsintsiyarsa. Lifta ta mutu tsakanin hawa na biyar da na shida, ba wanda ya yi mata ko addu'a. Ƙwayayen lantarkin matakala suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Babban bututun da ke sauko da ruwan sama daga rufi ya ci tsatsa ya karye daidai hawa na uku, saitin tsakar gida, in ana ruwa sai ya riƙa feshi, yara suna wanka a ƙarƙashinsa. Rufin kuwa kwaltarsa ta tsattsage, ya koma rariya. Masu kwana ƙarƙashin rariyar su ne Kusitino da matarsa Sapeta.

Duk abin da yoyo zai ci a gidan bai dami Sapeta ba, ban da abu ɗaya, ngatun mahaifiyarta, wato ƙaton zanen ɓawon itace irin na gargajiyarsu. Marigayiyar ce ta bugi ɓawon itacen da hannunta a can Walis, ta manna shi falle-falle, ta zana shi, faɗinsa ya isa ya rufe rabin tsakar gida. Ba a taɓa shimfiɗa shi ba. An ajiye shi ne don ranar da jikarsu Losa za ta karɓi Jibin Ubangiji na farko a coci, ranar da dangi ke taruwa a jera aladu da doya, a ga matar da ta fito da abin faɗa da wadda ta fito da abin kunya. Ngatu kuwa ba ya shiri da ruwa, in ya jiƙa sakewa yake kamar burodi a shayi. Shi ya sa ta naɗe shi cikin wani shuɗin tamfol ta ɗora a kan kabad, kullum da safe sai ta hau kujera ta shafa ta ji.

"Kusitino," in ji ta wata safiya tana juye daro a baranda, "in ɗigo ɗaya ya taɓa ngatun nan, ka fara neman wata matar."

"Haba uwar gida! Wannan ɗan yoyon? Ni da na tare tafki guda a mahaƙa?"

"Da tiyo ka tare shi?"

"Tiyo ai rufin asiri ne, don kada Turawan su ji kunya. In abu ya cuɗe musu, wa suke zuwa tambaya a bakin ƙofa?"

"Mai gadi."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce da jar ƙasa ake shafe gindin tafki a mahaƙa, ko ɗigo ba ya wucewa. Ga ta can jibge bayan gari, kyauta, ba mai so. Masu cewa sai an sayi sabuwar kwalta jahilai ne kawai da ba su san ƙasa ba. A ba shi jar ƙasa da mutane, rufin nan zai koma kamar gindin tukunya.

Kafin mako ya zagayo wani tsohon direban tifa da zaman banza ya ishe shi ya zo ya juye masa tudun jar ƙasa a tsakar gida. Saura masu hawa da ita. A nan ne Kusitino ya nuna cewa shi ma yana da tasa baiwar. Ƙa'ida ce da ko yaro ya sani a ƙasar nan: in kana neman alfarma, ka ajiye ƙyalle da taba a gaban mutum, ka yi jawabi, in ya ɗora hannu a kan ƙyallen to ya karɓa, babu janyewa. Kusitino ya jira Sapeta ta tafi kasuwa, ya sauke labulen falo ya yanyanka shi, ya bi ƙofa ƙofa. Jawabinsa kuwa daga kwalekwalen kakan kakansa yake farawa.

A hawa na biyu ya iske Tsoho Simeon, mutumin tsibirin Lifu, wanda ake ce wa Tonton, wato Kawu, ya zauna zai ci abinci ke nan. Ya ajiye ƙyalle, ya yi gyaran murya, ya kama. Miyar kifi ta daina tururi, ta yi fata, ƙuda ya sauka ya ci ya ƙoshi ya tashi.

"Kusitino, ɗana," in ji tsohon, "me kake so ne?"

"Yi haƙuri, Tonton, ko kakana na uku ban iso ba."

"Su nawa ne?"

"Goma sha ɗaya, ban da na wajen uwa."

Tsoho Simeon ya kai wa ƙyallen duka da tafin hannu. "Na karɓa! Ko mene ne na karɓa!"

"Madalla. Jar ƙasa za mu hau da ita sama."

"Ni? Ni da nake hawa na biyu? Ruwa bai taɓa ɗigo mini ba!"

"Ka riga ka taɓa, Tonton."

Haka ya bi benen kaf, mutane suna ɗora hannu don ceton kunnuwansu. Mutum ɗaya ce ta gagara, Madam Odil, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke zaune daidai ƙarƙashin gidansa, siririya, bakinta kamar reza. Ta haɗa hannuwanta a baya ta tsaya ƙerere tana kallonsa.

"Yi ta yi, Kusitino. Na yi shekaru ina sauraron masu zazzaɓi suna sambatu, ba naka ne zai kashe ni ba."

Yana cikin kakansa na biyar kyanwarta ta fito, ta shinshina ƙyallen, ta hau ta kwanta a kai.

"Gidan ya karɓa!" in ji Kusitino, ya miƙe da sauri.

"Kyanwa ce ta karɓa, sai ta zo ta ɗauki bokiti!"

Amma ranar aiki an ga Madam Odil a layi, domin ba ta son a ce an yi shirme a benen ba ta gani da idonta ba.

Aka jeru a matakala tun daga ƙasa har sama, ana miƙa ƙasa hannu da hannu. Da bokitai suka kasa aka shiga tukwane, da bahon wankan jarirai, da hular kwanon masu babur. Matakala ba fitila, wanda ke sama ba ya ganin wanda ke ƙasa. Wani ya miƙa tukunya ga mutumin da ya tafi fitsari, ta gangaro hawa huɗu tana kiɗa, ta tsaya a ƙafar Tsoho Simeon, ya zagi Walis da duk kwalekwalen da ya taɓa fitowa daga cikinta. Zufa ta haɗu da ƙasa, matakala ta zama santsi, mata suka riƙa sauka da mazaunai. Kusitino kuwa yana can sama da hular kwano ruwan ɗorawa da usur a baki, bai ɗaga ko cokali ba.

"Kai ba za ka kama ba ne?" in ji Madam Odil tana haki.

"Madam, ni da kai nake aiki."

"Shi ya sa ban ga kana gumi ba, babu kaya a ciki."

Da aka gama baza ƙasar aka yayyafa ruwa, Kusitino ya sa aka kawo ganguna, samari suka yi rawar yaƙi a kai har ta daddaɓe. Rufi ya yi sumul, ja wur, gwanin sha'awa. Sai rana ta fito ta yi aikinta. Ƙasar ta bushe ta tsage ta ko'ina, wani tsagin har hannu yake shiga.

Wannan bai girgiza Kusitino ba. Ya ce ai laifin rana ne, jar ƙasa danshi take so, kuma a mahaƙa kullum akwai ruwa kwance a kanta. Don haka dole a hana ruwan sama gudu. Ya ɗauko takalman aikinsa na roba, waɗanda kamfani ya rubuta wa sunansa da farin fenti, ya cusa su duka biyu a bakin bututun nan ta can rufi, ya danna da ƙafa har suka zauna daram. Saura babban tsagin da ke saitin ɗakin kwanansu. Ya duba hagu ya duba dama, ya sauka ya hau kujera, ya zare shuɗin tamfol daga jikin ngatu, ya maye shi da zanen gado. Ya shimfiɗa tamfol a kan tsagin ya binne da ƙasa. Washegari da Sapeta ta hau kujera ta shafa ta ji yadi, sai da aka ji muryarta a hawa na bakwai.

"Ina tamfol ɗina?"

"Yana sama yana gadin ngatun, uwar gida. Da daga kusa yake tsaronsa, yanzu na ƙara masa girma, daga nesa yake yi."

"Da labulena fa? Shi ma girma ka ƙara masa?"

Allah Ya taimake shi, a ranar aka yi ruwa. Kuma abin mamaki, ko ɗigo bai sauko ba. Busasshiyar ƙasa ce ta shanye shi tas, amma wa zai tsaya wannan bincike? Sapeta ta zagaya ɗaki da daro a hannu tana neman inda za ta tara, ta rasa. A tsakar gida yara suka tuɓe suka tsaya ƙarƙashin karyayyen bututu, ko tsiyaye babu, suka koma gida suna ƙunƙuni. Da yamma Sapeta ta dafa masa kaza da madarar kwakwa, abin da rabonsa da shi tun ana biyan albashi.

To, daga nan fa benen ya shiga uku. Kusitino ya daina amsa sunansa sai an ce Injiniya. Ya riƙa zuwa coci da hular kwano a hammata. Ya ce in ya huta zai duba lifta, mutane suka roƙe shi don girman Allah ya ci gaba da hutawa. Da ya ga ruwa ya fara kwanciya a sama, sai ya ce ai wannan fadama ce Allah Ya ba su, ya dasa gwaza, ya yi alkawarin da gwazar gonarsa za a ci bikin Losa. Tsoho Simeon ya ce shi dai tun da aka haife shi bai ga abin ci ya fito a jar ƙasar mahaƙa ba. Injiniya ya ce ai Tonton bai taɓa ganin an noma ta kusa da sama haka ba. Gwaza ta yi rawaya, ta kwanta, ta ruɓe. Ya lallaɓa kasuwa ya sayo manya masu ganye, ya hau ya cuccusa su a laka, sannan ya gayyato maƙwabta kallo.

Madam Odil ta sunkuya ta ja ɗaya, ta fito salin alin. "Ikon Allah," in ji ta. "Gonarka har da robar ɗauri take tsirowa?"

"Sabon iri ne, Madam."

"Na sani. A rumfar matar nan ta bakin tasha ake samunsa."

Damina ta ci gaba. Ƙofofin hawa na sama suka fara cijewa, sai an sa kafaɗa. Silin ɗin Kusitino ya soma wani irin launi kamar cikin kankana. Ya ce wa Sapeta alamar lafiya ce, siminti ne yake shan magani. Bangon banɗakin Madam Odil ya fara gumi ja-ja. Da ta hau ta yi magana, ya ce mutane ba su da godiya, an yi musu fenti kyauta suna ƙorafi.

Ana saura 'yan kwanaki biki, Atelemo ya iso daga Walis. Yayan Sapeta ne, shi ne bakin dangi, dogo mai furfura wanda bai taɓa yi wa Kusitino dariya ba ko a ranar aurensa. Ya zagaya tsakar gida yana neman inda za a shimfiɗa ngatu a zaunar da yarinya da manyan baƙi. Ya nuna gindin bishiyar mangwaro can gefe.

"A'a, Yaya," in ji Kusitino. "A nan za a yi." Ya tsaya daidai ƙarƙashin karyayyen bututu ya buga ƙafa a ƙasa. "Da nan tafki ne, tambayi kowa. Yau duba, ƙura! A nan za a shimfiɗa, don baƙi su ga aikin Injiniya da idonsu."

Atelemo ya ɗaga kai ya dubi bakin bututun, ya dubi surukinsa. "Wancan fa?"

"Ya yi ritaya. Ni na sallame shi."

"A kafa rumfa dai," in ji Sapeta. "Da tamfol ɗina yana nan..."

"Rumfa? A wurin da na busar? Uwar gida, so kike a ce ban yarda da aikina ba?"

Sapeta ta saci kallon Atelemo. Wata da watanni ba ta tara daro ba, kuma mace takan so ko sau ɗaya a rayuwa ta yarda da mijinta a gaban yayanta. Ta ce to.

Sai wutsiyar wata guguwa ta biyo ta kan tsibirin, aka yi kwana da kwanaki ana sheƙa ruwa ba ƙaƙƙautawa. Amma ranar Lahadi gari ya waye tas. Aka sauko da ngatu a kafaɗun samari, aka je coci aka dawo, aka warware shi a tsakar gida. Mata suka yi guɗa. Tsofaffin da suka san marigayiyar suka riƙa shafa zanen suna share hawaye. Aka zaunar da Losa a tsakiya cikin farar riga da farin mayafi, Fada, limamin cocinsu, a damanta, Atelemo a hagu, gasassun aladu a jere ƙafafu sama, kowanne da kwandon doya a gefensa. Sapeta ta zauna a bakin ngatun, fuskarta kamar an ba ta duniya.

Kusitino ya ce bari ya hau ya ciro gwazar gonarsa a gabatar. A hawa na goma sha uku ya iske Madam Odil tsaye a ƙofarta da lema a buɗe, a cikin gida.

"Injiniya, zo ka ga fentinka yana tafiya."

Jan ruwa ne ke bin bangonta yana taruwa a ƙasa. Ya haura da gudu, ya doki ƙofarsa da kafaɗa har ta buɗe. Silin ya yi ciki kamar akuya mai 'yan biyu, yana wani ƙara ƙas-ƙas.

"Ko ka sauke ruwan nan yanzu," in ji Madam Odil daga matakala, "ko in sauka in faɗa a gaban Fada da surukinka, a tsakiyar jawabi."

"Madam, ki rufa mini asiri, yau ɗaya!"

"Rufinka ne zai rufe mu duka. Hau!"

Ya tura ƙofar rufi ya leƙa. Tafki ne sosai, ja kamar miyar manja, gwazar kasuwa tana yawo a kai. Ya tattare zanensa na Lahadi ya shiga, ruwa har cinya. Yana tafe yana lissafi irin nasa: ba cire takalman zai yi ba, ɗan sassauta ɗaya zai yi. Ruwa ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan yana bin bango, wa zai lura ana cikin jawabi? Ko a mahaƙa haka ake yi. Ya durƙusa, ya zura hannu cikin laka har kafaɗa, ya laluba ya kama dunduniyar takalmi, ya ɗan murɗa. Bai motsa ba. Ya ƙara murɗawa. Ya sa ƙafa ya tokare bango ya ja da ƙarfin masu cin alade.

Takalmi ya fito gaba ɗaya, Kusitino ya faɗi da baya cikin tafki. Ɗayan kuwa bututu ya haɗiye shi da wani irin ƙara, ruwan watanni ya bi bayansa.

Ya taso yana tofar da laka, sai ya jiyo ihu daga ƙasa. Abin da ya fara zuwa masa shi ne, an iso wurin da Atelemo zai ambaci sunansa ke nan, jama'a suna tafi. Har ya gyara tsayuwa. Ya je bakin katanga ya leƙa. Duk inda yake fari ɗazu ya zama ja, mutane suna watsewa kamar tururuwa, bututu yana ta aman laka a tsakiyar taro. Ya koma da gudu zai mayar da takalmin, ruwa ya fizge shi daga hannunsa, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Bai taɓa sanin benen yana da tsawo haka ba sai ranar da ya sauko shi. Da ya fito tsakar gida ruwan ya rage sai tsiyaye. Aladu sun sha jar miya. Fada yana tsaye yana goge tabarau da gefen rigar da ta fi tabarau ɗin datti. Losa tana kuka, farar rigarta ta koma ta masu yankan nama. Atelemo, laka tun daga furfura har ƙafa, yana riƙe da takalmin roba guda, wanda aka ce a ƙirji ya same shi yana tsakiyar yabon dangi. Ya share gefen takalmin da babban yatsa, ya karanta da muryarsa ta jawabi, a hankali, don na baya su ji.

"Kusitino."

Ba wanda ya yi dariya, ko Madam Odil da ta biyo shi da lemarta. Kowa Sapeta yake kallo. Tana durƙushe cikin laka tana ƙoƙarin ɗaga gefen ngatun, duk inda ta kama sai ya saki a hannunta, falle yana rabuwa da falle, zanen uwarta yana narkewa yana bin ruwa zuwa kwata. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Da ta zage shi da ya ji daɗi.

Abu ɗaya ya rage masa, wanda ya iya. Ya tuɓe rigarsa ta Lahadi ya ninke, ya ajiye a gabanta, ya ɗora jiƙaƙƙiyar taba a kai, ya durƙusa, ya fara jawabin neman gafara. Ya fara daga kwalekwale. Ya yi kakansa na farko, ya yi na biyu. A al'ada Sapeta ce ke fara kai hannu kan ƙyalle don ta rufe masa baki, tun suna saurayi da budurwa. Yau ta naɗe hannuwanta a ƙirji. Ya yi na uku yana satar kallonta. Ya dubi Tsoho Simeon ko zai taimaka, tsohon ya zura hannuwansa a aljihu. Ya shiga na huɗu, sunan ya ɓace masa. Ya koma baya, ya sake tahowa, ya sake ɓacewa. Bakinsa ya yi ta motsi babu abin da ke fitowa.

"Ci gaba mana," in ji Sapeta a hankali. "Saura bakwai, ban da na wajen uwa."

Mutanen Benen Kagu sun ce ba su taɓa jin ƙarar teku daga tsakar gidansu ba sai ranar.

Sapeta ta miƙe ta ɗaga Losa. Daidai inda yarinyar ta zauna, wani ɗan yanki ya tsira a bushe, bai fi faifai ba, da zanen ganye ɗaya a jikinsa. Ta karɓi wuƙar yankan alade ta yanke shi, ta ninke, ta sa wa jikarta a tafin hannu ta rufe mata yatsu. Sannan ta tsallake rigar Kusitino ba tare da ko gefen zanenta ya taɓa ta ba, ta ɗauko bokiti ta dire a gabansa.

"Ƙasar da ka hau da ita, kai za ka sauko da ita. Kai kaɗai, ba ƙyalle, ba usur. Ni ina gidan Madam. Ranar da rufin nan ya koma yoyonsa na da, wanda na san inda zan tara masa daro, ka zo ka sake ajiye rigarka mu gani."

Har yau lifta tana nan inda ta mutu, kuma ba a ji labarin farashin nikel ya tashi ba. In ka je Benen Kagu ba za ka jiyo muryar kowa daga hawa na tara ba. Abin da za ka ji ƙarar bokiti ne yana bugun matakala cikin duhu. In ka raɓe, wani mutum zai wuce ka, tumbin ya zube, ja tun daga kai har ƙafa. Yakan tsaya ya dube ka, ya buɗe baki kamar zai gaya maka yadda ake yi a mahaƙa. Numfashin ne ba ya isa, sai ya gyara riƙon bokiti ya ci gaba da sauka.